Wa ke ba kamfanonin intanet izinin tona titunan gari, kuma wa ke gyarawa bayan sun tashi?

Mai Shagon Ɗinki, Zariya

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da shagon ɗinki a unguwar Zariya, a nan Maraɗi, kuma ina neman wanda ya san ƙa'ida ya warware mini wata magana da ta dame ni tun kafin faɗuwar damina.

Wata safiya muka tarar an ja layi da toka tun daga kan kwana har ƙarshen layinmu, leburori kuma sun riga sun fara sara da diga. Da na tambayi babbansu, sai ya ce wayar intanet za su binne, kuma wanda ya ɗauke su aiki shi ma wani kamfani ne ya ba shi kwangilar. Kwana tara ramin yana buɗe a bakin ƙofata, ana gab da salla, har sai da na ɗauko tsohon ƙyaure na aza a kai don masu kawo ɗinki su samu wurin tsallakawa. Ranar da suka gama, da shebur suka tura ƙasar, suka tattake ta da ƙafa, suka tafi. Ruwan farko da aka yi ya bi layin ramin kamar an gina masa magudana, ya kwashe yashin, ya bar wani kwari da ya kai gwiwa. Amalanke uku na marmara na saya da kuɗina kafin gaban shagon ya koma daidai, maƙwabcina mai wankin babura kuwa har yanzu da buhunan yashi yake tare nasa.

Kada a ɗauka ina ƙin aikin ne. Ɗana yana karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kuma kullum kukansa rashin kyawun rezo ne, ni kaina ta WhatsApp masu ɗinki ke turo mini samfuri daga Yamai da Kano. Abin da nake son sani shi ne: wa ke ba kamfani izinin tona titi, yana biyan wani abu ko kyauta ake ba shi, wa ya kamata ya gyara abin da ya ɓaci, kuma idan gobe wani kamfanin ya zo da tasa wayar, sai an sake tona wurin ke nan?

Injiniyan Waya

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru ina aikin shimfiɗa irin wannan waya, don haka zan fara da abin da idona ya sani.

Izini biyu ne a cikin wannan magana, kuma mutane sukan haɗa su. Na farko shi ne lasisin gudanar da sadarwa, wanda ya shafi gwamnatin ƙasa da hukumar ARCEP, wadda aka kafa a 2018 a madadin tsohuwar hukumar ARTP, kuma ita ke sa ido a kan Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom. Na biyu shi ne izinin taɓa titi kansa, wanda yake hannun mai kula da titin. Idan babbar hanyar ƙasa ce, irin RN1 da ta taso daga Yamai ta bi Dosso da Ƙonni ta nufi Damagaram, maganar ta ma'aikatar da ke kula da hanyoyi ce, idan kuma layin unguwa ne irin naka, maganar ta hukumar gari ce. Lasisi yana ba kamfani damar neman hanyar wucewa, amma ba ya ba shi damar ya sa diga inda ya ga dama ba tare da takardar mai titin ba.

Abin da ya faru a ƙofarka kuwa, kuskuren cikon rami ne, kuma sananne ne a wurinmu. Ramin kirki yakan kai kusan mita ɗaya. A ƙasa ana shimfiɗa yashi mai laushi, a kwantar da tiyo na roba mai kauri wanda za a zura wayar a ciki, a rufe shi, sannan a sama da shi kaɗan a shimfiɗa wata raga ta gargaɗi. A tsarin da muka gada daga Faransa, koriya ta sadarwa ce, shuɗiya ta ruwa, ja kuma ta lantarki, don duk wanda ya zo haƙa nan gaba ya ga launin ya tsaya. Bayan haka ba a tura ƙasa gaba ɗaya. Ana zuba ta kashi-kashi, kamar tsawon tafin hannu, a yayyafa ruwa, a daɓe da inji, a sake zuba wani kashin. Wannan daɓen shi ne abin da ɗan kwangila ya fi saurin tsallakewa, domin yana cin lokaci da man inji da ruwa, kuma ranar da aka gama aiki ba wanda zai gane an yi ko ba a yi ba. Damina ce kaɗai ke tona asirin. A gari mai yashi irin namu, wanda yake kan tudu ruwansa na gangarawa zuwa Gulbi, ramin da ba a daɓe ba farkon kwazazzabo ne, kuma duk wanda ya ga abin da ruwan daminar 2024 ya yi wa wasu unguwanni ya san ba ƙaramar magana ba ce.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci a ganina. Wayar kanta ba ita ce mai tsada ba: zaren gilashi ne siriri kamar gashi, kuma kebul ɗaya yakan ɗauki zare 24 ko 48 ko 96. Tonon da gyaran titin su ne ke cinye kuɗi, har Tarayyar Turai ta ƙiyasta cewa suna iya kaiwa kashi 80 cikin 100 na kuɗin aikin. Saboda haka tsari mai hankali shi ne a tona sau ɗaya. Wanda ya fara buɗe rami a tilasta masa ya kwantar da tiyo uku ko huɗu, ya gina ɗakunan duba waya masu murfi a kan hanya, wanda ya zo daga baya ya yi hayar tiyo guda ya zura tasa wayar ba tare da ya ɗaga diga ba. Faransa ta yi haka tun 2008, lokacin da aka wajabta wa tsohon kamfanin tarho na ƙasar ya buɗe bututunsa ga abokan gasarsa a kan farashin da hukuma ke sa wa ido.

Akwai kuma rataya waya a kan poto, wadda ta fi arha da sauri. Sai dai kai ma ka san tsayin lodin da manyan motoci ke yi a hanyar Ɗan Isa, ka kuma san iskar da ke zuwa gaban ruwan farko.

Tsohon Ma'aikacin Gari

Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma ya yi saurin wuce maganar kuɗi, kuma ban yi mamaki ba, tun da daga ɓangaren masu tono yake. Ni na yi ritaya daga aikin hukumar gari a wata ƙaramar hukuma, bari in faɗi yadda abin yake daga wancan gefen teburin.

Titi dukiyar jama'a ne. A irin dokar da muke bi, ba a sayar da shi, ba a gadonsa, kuma duk wanda aka bari ya zauna a kansa, zaman aro ne wanda ake iya janyewa. Mai tebur da ke sayar da goro a bakin kasuwa yana biyan tikiti, mai kiyos yana biya, mai kafa allon talla yana biya. To, da wace hujja kamfanin da zai kwantar da wayarsa shekara ashirin a ƙarƙashin wannan titin, yana karɓar kuɗin jama'a kowane wata, zai wuce kyauta? Ba na cewa a tsawwala, amma ina cewa garin da ba ya karɓar komai ba zai iya ɗaukar ko mutum ɗaya da zai bi bayan leburori da ma'auni ya duba zurfin rami ba. Sa ido ma yana da tsada: ana buƙatar ma'aikaci, da babur, da mai.

Abin da na koya a aiki shi ne, takardar izini da ba ta da sharuɗɗa ba ta da amfani ga kowa. Ya kamata ta faɗi layin da za a bi da gefen da za a bi, da ranar farawa da ranar gamawa, da tsawon da aka yarda a bari a buɗe a lokaci ɗaya, domin babu dalilin buɗe layi gaba ɗaya kwana tara alhali ana iya buɗe mita ɗari a rufe kafin a ci gaba. Ya kamata ta hana tono idan damina ta kama. Sama da duka, ya kamata a karɓi kuɗin ajiya kafin a fara, kuma kada a mayar wa kamfani sai bayan damina ɗaya ta wuce a kan aikin, an je an duba tare da mai unguwa. Da an yi haka a layinka, Malam, da ba kai ka sayi marmara ba. Alhakin kuma a kan wanda aka ba izini yake, ko da ya raba aikin ga ƴan kwangila biyar, domin sunansa ne a takarda.

Akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya, wato taswira. Maraɗi ta yi sa'a, domin bayan ambaliyar 1945 da aka tashi daga kwari aka hau tudu, an yanka garin da layuka miƙaƙƙu masu faɗi, kuma da wuya a samu garin da ya fi shi sauƙin tsara abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Amma faɗin titi ba ya hana diga fasa tiyon pampo idan ba wanda ya rubuta inda yake. Ruwa yana da nasa layin, lantarki yana da nasa, kowane kamfanin waya yana da nasa, kowa kuma yana riƙe da takardunsa a aljihu. Sharaɗin da zan fi dagewa a kai shi ne duk wanda ya binne abu ya kawo taswirar inda ya binne shi a zahiri, ba inda ya yi niyya ba, a ajiye ta wuri ɗaya da kowane mai tono zai duba. Kuma duk lokacin da za a zuba sabon gudron, irin wanda aka yi lokacin shirin gyaran gari na Maraɗi Kwalliya a 2015, a sanar da kamfanoni tun da wuri cewa mai son wucewa ya wuce yanzu, bayan an zuba kuma babu yanka na wasu shekaru. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hajiya Mai Abinci, Sabon Gari

Ina yi wa kowa sallama. Baba mai ritaya ya ambaci mai unguwa, kuma a nan nake so in tsaya. Lokacin da aka tona gaban rumfata, ba wanda ya gaya mana ko da daren jajibiri, na riga na dafa shinkafa da wake na rana, masu babura da ke tsayawa cin abinci kuma suka rasa wurin ajiye abin hawa suka wuce gaba. Wannan asara ce ta kwana huɗu, na kuma haƙura da ita. Wadda ban haƙura da ita ba ita ce ta dare, domin ba fitila, ba igiya, ba ko jan ƙyalle a bakin ramin, ga yara suna dawowa daga makarantar allo bayan isha'i. Yaron maƙwabciyata ya faɗa ya gurɗe ƙafa.

Saboda haka ina roƙon a ƙara abu biyu a cikin waɗancan sharuɗɗan. A sanar da mai unguwa mako ɗaya kafin a fara, shi kuma ya sa a faɗa a masallaci. Sannan a kafa allo a wurin aikin mai ɗauke da sunan kamfanin da lambar da za a kira, da Hausa ba da Faransanci kaɗai ba. Mu da ke zaune a bakin titi ba mu san ofishin da za mu je ba, kuma lebura ba ya da amsar da zai ba mu.

Ɗan Kasuwar Katsina

Baba, ina girmama maganarka, amma ina so in kawo abin da ya faru a ƙetaren iyaka, domin ina yawan bin hanyar Jibiya kuma na bi wannan muhawara a rediyo lokacin da ake yin ta.

A Najeriya, tun 2013 majalisar tattalin arzikin ƙasa ta amince cewa kuɗin hanyar wucewar waya ya zama naira 145 a kowace mita. Jihohi da yawa ba su bi ba, suka mayar da abin hanyar samun kuɗin shiga, wasu suna karɓar dubbai a mita ɗaya. Jihar Ekiti tana karɓar naira 4,500 kafin ta sauko zuwa 145 a 2020. A lissafa a gani: a farashin farko, kilomita ɗaya naira miliyan huɗu da rabi ne kafin a sayi ko mita ɗaya ta waya, a na biyu kuwa naira dubu 145. A 2020 ɗin ce kuma Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya, bayan ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya matsa wa gwamnoni. Abin da tsadar ta haifar a fili yake: kamfani yana kai waya inda masu kuɗi suka taru ya mayar da jarinsa, ya bar sauran. Idan muka yi irin wannan a nan, wayar za ta tsaya a tsakiyar gari wajen bankuna da ofisoshi, ba za ta kai Tibiri ko Madarunfa da wuri ba, kuma abin da aka karɓa a hannun kamfani a kuɗin megan da muke saya zai dawo.

Amurka ma ta sha wannan rigima tsakanin birane da kamfanoni. Dokar sadarwarsu ta 1996 ta bar wa hukumomin gari ikon kula da titunansu da karɓar diyya mai adalci, da sharaɗin kada a fifita wani kamfani a kan wani, kuma kada a yi amfani da ikon a toshe hanyar shiga kasuwa. A 2018 hukumar sadarwarsu ta ƙara da cewa, game da ƙananan eriyoyin da ake kafawa a bakin titi, kuɗin ya yi daidai da abin da gari ya kashe wajen kula da aikin, ta kuma sa wa'adin kwana 60 ko 90 na amsa takardar neman izini. Birane da dama sun kai ƙara kotu, don haka kada a ɗauka kowa ya yarda. Ni dai wa'adin ne ya fi burge ni, domin takardar da ta kwana wata shida a kan tebur ƙofar cin hanci ce.

Kada kuma wani ya ce tun da Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ta samu izinin aiki a Nijar, maganar tono ta ƙare. Eriyoyin da wayoyin hannunmu ke kamawa suna buƙatar zaren gilashi a bayansu idan ana son su ɗauki jama'a da yawa, kuma ƙasar da ba ta da teku dole ta jawo layi ta ƙasa daga maƙwabta, shi ya sa aka yi aikin babban layin da ya ratsa Sahara da tallafin Bankin Raya Afirka.

Tsohon Ma'aikacin Gari

Ɗana, ban ga inda muka saɓa sosai ba. Na yarda kada kuɗin izini ya zama saniyar tatsa, na kuma yarda da wa'adi. Inda ban bi ka ba shi ne yafewa gaba ɗaya. Gwamnan da ya yafe yana da wasu hanyoyin samun kuɗi, hukumar gari a nan kuwa da tikitin kasuwa da ɗan harajin da ba ya shigowa duka take rayuwa. A raba abu uku kada a cakuɗa su: kuɗin duba takarda da sa ido, wanda ya kamata ya zama kaɗan kuma a rubuce a bango kowa ya gani, kuɗin zama na shekara, wanda ya fi kyau a tsayar da iyakarsa daga sama don kada kowane gari ya yanka nasa, da kuɗin ajiya, wanda ba na gari ba ne, amana ce da ake mayarwa. A kan na ukun ba zan sassauta ba ko da tamma ɗaya. Kuma doka ɗaya ta hau kan kowa, har da kamfanin gwamnati, har da masu ruwa da masu lantarki, domin digarsu ba ta fi ta wani laushi ba.

Injiniyan Waya

Baba, na karɓi gyaran. Zan ƙara cewa mu ma muna cutuwa da rashin taswirar, domin sau da yawa injin gyaran hanya ko mai haƙa kanibo ne ke tsinke mana layi, wani lokaci kuma ɓarawo ne da ya zaci akwai jan ƙarfe a ciki, alhali gilashi ne da roba. Haɗa zare 48 ɗaya bayan ɗaya da injin narkarwa aikin sa'o'i ne, kuma duk wannan lokacin unguwanni suna zaune ba rezo.

Malam mai ɗinki, ga abin da zan ba ka shawara. Ka bi layin ramin har ka kai murfin ɗakin duba waya mafi kusa, sau da yawa akwai suna ko alamar mai shi a kai. Ka ɗauki hoton wurin da ya zaftare, ka haɗa da maƙwabtan da abin ya shafa, ku rubuta takarda ɗaya mai unguwa ya sa hannu, ku kai ofishin da'irarku ta gari, sashen da ke kula da tituna, ku nemi a duba sunan wanda aka ba izinin da abin da aka sharɗanta masa. Ku riƙe kofi mai hatimin karɓa. Ku kuma aika wa kamfanin kofi, domin shi ma ba ya son ruwa ya tone masa tiyo.

Mai Shagon Ɗinki, Zariya

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Bayan sallar la'asar na bi layin kamar yadda Injiniya ya ce, na samu murfin a kwana ta biyu, yashi ya rufe rabinsa, na share na ga alamar. A kusa da shi ruwa ya riga ya fito da wata koriyar raga fili, awaki har sun fara jan ta. Mu bakwai ne abin ya shafa a layinmu, kuma mai unguwa ya ce mu kawo takardar gobe da safe. Hajiya, idan kin yarda zan sa maganar allo da fitila a ciki da irin kalmomin da kika faɗa. Baba, rasit ɗin marmarar da na saya ba ni da shi, domin mai amalanke ba ya ba da takarda. Shaidar maƙwabta za ta wadatar, ko in bar wannan in tsaya a kan gyaran layin kawai?